A Cire Masa Kakin

Tun shigowarta shagon, mai hoto yake satar kallonta. Dattijuwa ce doguwa, mayafinta ya koɗe amma ya sha guga, carbi naɗe a wuyan hannunta. Ya nuna mata benci, ta ƙi zama.

Ta zaro ɗan ƙaramin hoto daga cikin littafin addu'o'i, ta goge shi da gefen mayafi kafin ta miƙa. Saurayi ne cikin kakin soja, hular ta yi masa yawa, yana ta ƙoƙarin danne dariya.

"A ƙara masa girma, Inna?"

"A ƙara, ɗana. Amma ka cire masa kakin nan, ka sa masa farar riga."

Mai hoto bai tambayi dalili ba. Ransa na ba shi ita ce ta raka yaron tasha, ita ta dafa kansa ta sa masa albarka, ta yi ta azumi tana jiran waya.

"Allah ya jiƙansa," ya ce. "Ai ya yi shahada."

Ba ta ce amin da wuri ba. Idonta na kan talabijin ɗin bango, inda manya ke rungumar juna suna murmushi, wai yaƙi ya ƙare, kowa ya yafe wa kowa.

"Haka manyansa suka ce mini su ma, wai shahada ce," ta ce. "Na karɓi ƙaddara, ban yi jayayya da Ubangiji ba. Amma rigar mutanen nan ba za ta kwana a ɗakina ba."