Mai Gatari a Taron Zumunta

Ni dai karatuna bai yi nisa ba, ɗan wanda na yi ma rabinsa gyangyaɗi ne. Amma ban taɓa iya cewa ban san abu ba, kuma wannan ciwo ya biyo ni har furfura.

Matata ta daɗe tana so a kawo taron zumuntar matan cocinmu gidanmu. Kowane mako gidan wata ake zuwa, mu kuwa sai a tsallake mu, don shugabarsu, wata tsohuwa matar marigayi soja, ta ce maigidan nan ba ya jin magana. Da ƙyar aka ba mu rana. Matata ta share gida, ta dama kunun zaƙi, ta roƙe ni abu ɗaya: in tafi gona, kar in dawo sai sun watse.

Sai na ga ai ya kamata in taimaka mata. Na shiga kasuwa wurin mai sayar da faifan fim. A jikin wani kwali na ga daji da mutum riƙe da gatari, na ce shi ke nan, labarin masu saran itace ne, ya dace da mata masu tsoron Allah. Mai shagon ya ce Turawan Sifen da na Amurka ne suka haɗu suka yi shi, kuma tun da ya ajiye ba wanda ya taya. Na ce abin kirki dama haka yake.

Suna gama addu'a na fito da talabijin ƙarƙashin mangwaro, na tada janareta, na zauna a matsayin mai fassara. Da farko lafiya lau. Samari da 'yan mata suna hira a wani ƙauye, na ce maganar aure suke yi. Can sai ga wani ya rufe fuska da farin abu, kuma gatarin nasa ba itace ya nufa ba. Na ce ma'aikacin gandun daji ne, yana da zafin rai. Matata ta yi mini wani kallo, na miƙa hannu zan kashe.

Shugabar ta ce, "Baba, cire hannunka. Yarinyar nan ta shiga ɗaki ba ta sa sakata ba, ina so in ga abin da zai same ta."

Daga nan ba wanda ya sake neman fassarata. Wannan na yi wa yarinyar faɗa da Hausa, waccan da yarenmu. Wata ta ce da a garinsu ne, karnuka sun gama da shi tun a bakin gari. Wata ta rufe ido da gyale tana tambayar ko ya tafi. Kafin a ga fuskar mai gatarin man janareta ya ƙare.

Suka watse, matata ta shige ɗaki tana fushi. Ta tabbata ta gama jin kunya a garin nan. Tuwona ma a ƙofar ɗaki na riƙa tarar da shi.

Ranar Lahadi bayan sujada shugabar ta sanar cewa taro na gaba ma a gidanmu za a yi, kuma a gaya wa maigidan ya cika tanki.

A hanyar gida ina tafe ina taƙama, matata na bayana da Littafinta a hannu. Sai na ji ta ce, "Wai kai, da ka tafi gonar nan kamar yadda na ce, da yanzu wa zan yi wa fushi?"