Ranar da Kili Ya Gudu da Ni a Burtalin Fakuwa

Jama'a, abin da zan ba ku labarinsa ba ji na yi a bakin wani ba, ni ya faru da ni, kuma Allah shi ne shaidata. Shekarun baya ne, lokacin ina gyaran injin niƙa a Kankia, ana kirana ƙauyuka har wajen Kusada. Tsakiyar damina aka kira ni Kafin Soli, injin wani dattijo mai suna Malam Ilu ya tsaya, na kwance shi na tarar sai an sayo ƙarfe daga Katsina, shi ke nan na zauna gidansa ina jira, ba aiki sai cin tuwo da kallon ruwan sama.

To, Malam Ilu yana da wani ingarma kili a turke, ƙato, gadon mahaifinsa ne. Tun da shuka ta tashi ba a fita da shi ba, kullum ɗanyar ciyawa da dusa da kanwa, ya ƙoshi har yana sheƙi, yana ta tonon ƙasa da kofato. Ni kuwa da ɗan banzan karambanina, don na taɓa hawan dokin kawuna ina yaro, sai na ce a ɗaura mini sirdi in yi kilisa bayan la'asar. Ya kalle ni, sannan ya ce, "Malam bakanike, ka hau, amma abu guda ni ka roƙo. Ka bi burtali, kak ka bari shi sa ƙahwa gonar kowa. Ba ni son rigima da maƙwabta." Na ce ai wannan ba sai an faɗa ba, ni ma ɗan manoma ne.

Da farko lafiya lau. Muka kama burtalin da ya yi wajen Fakuwa, hanyar shanu ce siririya, gero ya rufe ta dama da hagu har ya kusa kai kafaɗata ina bisa doki. Ina ta jin kaina, ina ma addu'ar wani ya gan ni. Can sai wata goɗiya ta yi haniniya daga wata ruga, kili ya miƙe kunnuwa, na ji bayansa ya kumbura a ƙarƙashina, kafin in ce wani abu ya zabura.

Wallahi ban taɓa sanin ƙarfi irin wannan ba. Na kama kamazuru, igiyoyin linzami, da hannu biyu na ja iya ƙarfina kamar mai damƙe birkin babur, shi kuma ya sunkuyar da kai ya ƙwace, hulata ta tafi, ƙafafuna na matse su jikinsa don kar in faɗo, ashe likkafa ce nake caka masa a haƙarƙari, ina ƙara zuga shi ban sani ba. Kuma kun san abin haushin? Duk cikin wannan tashin hankali, in ya karkata zai shiga gero sai in maido shi kan hanya, don maganar Malam Ilu na kunnena. Ina tsaron geron mutane, raina na hannun Allah.

Sai na hango ƙarshen burtalin. Ruwa ya yanke shi, ya haƙa kwazazzabo mai zurfi, ina jin ƙugin ruwan tun daga nesa. Na san in muka isa can a wannan gudu, daga ni har dokin sai dai a tsinto mu. Na fara salati, matata da 'yata ta goye suka faɗo mini a rai, na ce shi ke nan.

A nan na ga tsohon. Yana tsaye bakin wata gona ta hannun hagu, da farar taguwa da malafa, hauya a kafaɗa. Tsakaninmu da nisa, ga iska ga ƙarar kofato, amma na rantse muku muryarsa a gefen kunnena na ji ta, a hankali, kamar muna zaune tabarma ɗaya. Ya ce, "Ɗana, saki ƙahwahunka. Bar jan biyu, ja na hagu kaɗai. Shigo da shi nan." Ni da wautata har na buɗe baki na ce gero fa, Baba. Ya ce, "Gonata ce. Shigo."

Na saki ƙafafu, na saki na dama, na naɗe na hagu a hannu na jawo shi wajen gwiwata. Kan kili ya juyo, muka faɗa cikin geron nan, karare na dukana a fuska, ƙasar kunyoyin gonar mai laushi tana riƙe masa ƙafa, muka yi ta zagaye, da'irar na ƙanƙancewa, har ya tsaya cik yana huci, kumfa na zuba daga bakinsa. Na zamo ƙasa, na zauna cikin taɓo ina kuka kamar yaro, ba na jin kunyar faɗa.

Tsohon ya zo ya dafa goshin dokin, dabbar da ta kusa kashe ni ta sa kai a ƙirjinsa ta yi lamo. Ya ce, "Ba mugu ba ne, zaman turke ne ya ishe shi. Ka ce ma Ilu shi riƙa hita da shi." Na sunkuya ina laluben takalmina da ya nutse, ina cewa Baba ga ɓarnar da na yi maka, na ɗago, ba kowa. Na yi kira, na leƙa kunya-kunya, shiru, ko karan gero ɗaya bai motsa ba.

Da ƙafa na jawo kili gida, muka iso ana shirin magariba. Na gaya wa Malam Ilu komai, na ce gobe ya raka ni in ba mai gonar haƙuri, in kuma yi masa godiya, don ban samu na yi ba. Ya tambaye ni wace gona, na kwatanta masa, ta ƙarshe kafin kwazazzabo, mai tsohuwar kuka a tsakiya. Butar alwala na hannunsa, sai ya ajiye ta a hankali. Ya ce, "Wannan tamu ce. Gandun Baba ne, shi ya rena dokin ga tun yana ɗan duƙushi, kuma Baban mun daɗe da kai shi makwancinshi." Ya sa na sake faɗin saƙon, na faɗa, ya share ido da bakin riga, ya ce, "Matacce ba shi dawowa, malam bakanike. Amma haka Baba yake magana."

Har yau ban san wa na gani ba, kuma na daina tambaya. Na dai san 'yar nan tawa ta girma da ubanta, kuma ba na sallame salla ban sa tsohon nan a addu'a ba, ko wane ne shi. Shawarata gare ku, in doki ya ƙwace muku ku saki ƙafa ku ja gefe ɗaya. In kuma wani ya taimake ku a hanya, ku yi masa godiya nan take kuna kallon fuskarsa, kar ku sunkuya neman takalmi.