Kwalin da Ba a Buɗewa Sai An Biya

Tun ina yarinya a Kano ban taɓa sayen abin da ban gani ba. Atamfa sai na warware ta, kankana sai na ƙwanƙwasa na saurara. Sai da muka zo Doha, 'yata ta shiga aji biyu, sannan na ga kasuwar da ake biyan kuɗi ido rufe.

Katun ɗin Japan ne ya jawo, masu idanu kamar faranti da gashi shuɗi ko ja. A ajinsu kowace yarinya tana da 'yar tsanar roba irin tasu, rataye a jikin jaka. In an fita hutun cin abinci sai su jera su a kan benci suna wasa, wadda ba ta da ita ta tsaya kallo. Tawa ce mai kallon. Ba ta faɗa mini ba, sai da na ga abincinta yana dawowa ba a taɓa ba, na matsa mata.

Babanta direba ne. Da ya ji farashin ya ce kuɗin kaji biyu ke nan, ɗaya zai saya, khalas, an gama magana. Ranar Juma'a bayan la'asar ya ɗauko mu daga unguwarmu ta Al Wukair ya sauke mu a mol, katafaren ginin shaguna. Ita ta riga ta san wadda take so, mai shuɗin gashi da kunnen mage.

A shagon 'yan tsanar kwalayen duk iri ɗaya ne, a manne. Na ce wa mai shagon, wani ɗan Filifin, ya buɗe mu zaɓa. Ya yi dariya, yarinyar ta fassara mini cewa ba a buɗewa sai an biya, iri goma sha biyu ne, wadda ta faɗo maka ita ce rabonka. Kwali ɗaya gare mu, in ba a dace ba shi ke nan.

Sai na ajiye jaka na shiga aiki. Na girgiza wannan a kunne, na auna wancan a tafin hannu, har sansanawa na yi.

"Umma, don Allah, ana kallonmu fa," ta ce tana jan hijabina.

Na zaɓi mafi nauyi, a tunanina gashi da kunnuwa ai nauyi ne. Muka biya, ta yage kwalin a bakin ƙofa. Sai ga wani tsoho mai sanƙo, fuska a murtuke, rungume da tukunya. Tukunyar ce nauyin. Yarinyar ta kalli tsohon, ta kalle ni.

Ashe a gefen shagon akwai tebur inda masu tara waɗannan abubuwa suke musaya. Wani Balarabe, babba da gemunsa, cikin farar jallabiya, ya hango tsohon namu ya tsaya cak, sannan ya yi sauri ya ɗauke kai. Wannan ɗauke kan na san shi, haka nake yi in na ga yadin da ya shiga raina. Ya matso, ya ce wa yarinyar ya daɗe yana sayen kwali saboda tsohon nan, ba a cika samunsa ba. Na ce a raina, bawan Allah ba ka iya ciniki ba.

Ya ciro 'yar tsana ɗaya daga jakarsa ya ajiye don mu yi musaya, na ce albarka. Ya ƙara ta biyu, mai shuɗin gashin ce da kanta. Na ce albarka, na juya kamar zan tafi.

"Umma, ita ce fa."

"Yi shiru, ba a nuna wa mai kaya ana so."

Hannunsa ya koma jaka zai ciro ta uku, sai kawai yarinyar ta fizge tsohon daga hannuna ta miƙa masa, ta ɗauki tata guda ɗaya ta rungume. Ko ta farkon ba ta kalla ba. Ya dafa ƙirji yana ta godiya, ni kuma na tsaya ina tunanin biyun da suka kuɓuce mana.

A mota na ba babanta labari ina mita, ya yi dariya har sai da ya rage gudu, ya ce gobe ni zai tura Al Sanaiya, unguwar masu gareji, in yi masa cinikin taya. Da muka isa gida na ɗauko allura da zaren kitso na ɗinke mai kunnen magen a jikin jakar makarantarta, ninki uku, don ban shirya komawa shagon nan ba. Ranar Lahadi, da yake a nan ranar ake komawa makaranta, ta dawo tana mita, wai na hana ta jera tata a benci, sai da ta ɗora jakar gaba ɗaya. Na buɗe robar abincinta, ko ƙwayar shinkafa babu.