Kwalbar Gindin Randa

A ƙauyenmu, can bayan Tsanyawa, magani ba na mutum ɗaya ba ne. Yadda ake aron gishiri da garwashin wuta, haka ake aron magani. In ɗanki ya kwanta kika sayo, ya sha ya miƙe, abin da ya rage ya zama na unguwa. Ba wanda ya kafa wannan doka, mun taso mun tarar da ita.

A shekarun da nake magana, damina ta yi ta gardama. Maza suka watse cin rani, har da maigidana, ya yi kudu, sai dai saƙon baki in wani ya dawo. Asibiti kuwa a duba ki ne kawai a rubuta miki takarda, ɗakin maganinsu wayam. Manyan yarana suna wajen kakarsu, ni kaɗai na rage a gida da autata, wadda ba ta daɗe da yaye ba.

Wadda nake gani in ji sanyi ita ce maƙwabciyata. Ta girme ni, Yaya nake ce mata. Dangar kara ce ta raba mu, muka bar wata kafa a jikinta da gangan. Ta nan ake miƙo wuta, ta nan ake miƙo kuka da daddawa. Tare muke daka, taɓarya biyu a turmi ɗaya. Tun da na shiga ajin yaƙi da jahilci take tsokanata.

"Malama, karanta mana jikin buhun nan, ko an rubuta ranar da zai cika."

Da autata ta fara tari da zazzaɓi, na sayo mata maganin ruwa a kemis. Ta sha, ta tashi tana wasa. Wata ta aiko, na ba da ragowar kamar yadda aka saba. Ba a jima ba ciwon ya dawo, ya fi na da. In ta ja numfashi sai in ga haƙarƙarinta yana lotsawa ciki. Na goya ta, ranar kasuwa muka shiga mota zuwa Tsanyawa.

Malamin asibitin ya sa abin saurare a ƙirjinta, ya saurara, sannan ya ɗago ya dube ni.

"Baiwar Allah, ta shanye wancan maganin?"

"Ai ta warke, Malam, sai na ba da sauran."

"Ba ta warke ba, ciwon ne ya kwanta. Kin taɓa nome ciyawa ki bar saiwar?" Ya ci gaba da rubutu. "Limoniya ce, ciwon huhu. Wannan ya fi wancan ƙarfi. Ko kin ga tana tsalle, ki ba ta har ya ƙare. In kika raba shi, ban san abin da zan rubuta miki na uku ba."

Akuyata na sayar na sayi kwalbar maganin nan. Gari ne a ciki. Na tafasa ruwa ya huce, na zuba daidai layin da ke jiki, na girgiza. An ce kada zafi ya taɓa shi, sai na tona rairayi mai danshi a gindin randa na binne ta zuwa wuya. Safe, rana da yamma nake tono ta.

Maganin ya kai rabi, autata ta fara bin kaji a tsakar gida. Ran nan da hantsi Yaya ta sunkuyo ta kafar danga, ɗanta a baya yana tari.

"Malama, sannu da jinya. Na ga mutuniyar ta miƙe, har ta koma sarautar kaji."

"Da sauƙi, Yaya. Ya mai jikin?"

"Ga shi nan, jikin kamar murhu. Miƙo mini ragowar nan in ɗan ɗura masa."

Na sa ido a ƙasa. Ban taɓa hana ta komai ba, ita ma ba ta taɓa hana ni ba. Lokacin da na haifi autar nan, ita ta dafa mini ruwan wanka har na yi arba'in.

"Yaya, an ce sai ta shanye."

Ta yi dariya, ta ɗauka wasa nake. "Wa ya ce? Ga yarinya tana gudu. Ko takardar ce ta ce?"

"Malamin asibiti ne. Wancan karon da na raba, kin ga yadda ya dawo. Ki ɗauki kazata ki sayar, in raka ki a duba shi."

Dariyar ta tsaya. Ta dubi randa, ta dubi yarinyar, ta dube ni.

"Ba kaza na zo roƙo ba," in ji ta a hankali. "Allah ya ƙara sauƙi."

Ta juya ta koma.

Da azahar na tono kwalbar. Ina auna cokali ina jin tarin yaron ta bayan danga. Na ba autata, na mayar na binne. Haka na yi ta yi. Ba na son ƙarar cokali a jikin kwalba ta kai maƙwabta, sai in shige ɗaki in saki labule, kamar mai cin abin sata.

Wata safiya na fito na tarar an toshe kafar da sabon kara. Sabo ne fes, ya fita daban a cikin tsohuwar danga. In wutata ta mutu sai in nemi ashana. Ina daka ni kaɗai, ina jin nasu lugude daga wancan gefe, ita da wata. A bakin rijiya mata suna amsa gaisuwata, amma ba mai tsayawa. Na ji an ce boko ya koya mini rowa. Ni ma ban san yadda zan faɗa musu su gane ba. Da maigidana yana nan, ko shi na gaya wa.

Maganin ya ƙare. Na ɗauraye kwalbar da ɗan ruwa na ba autata ta shanye. Na yi ta sa kunne a ƙirjinta ina jiran ciwon ya dawo, bai dawo ba. Yaron Yaya ma ya tashi. Ƙaninta ne ya zo ya kai su asibiti, a bakin wasu na ji. Na dafa kunu na zagaya ta ƙofar gida na kai. Ta karɓa, ta yi godiya irin wadda ake yi wa baƙo, kuma ba ta ce mini Malama ba.

Da mijinta ya samu aikin gini, suka tashi suka koma birni, unguwar Bacirawa. Ba mu yi sallama ba. Autata yanzu tana da nata yaran, numfashinta lafiya lau. Dangar nan an sake ta ba adadi, daga baya aka yi katanga, amma har yau in na fito da turmi, daidai inda kafar take nake ajiye shi.