Ranar da Umma Ta Je Ganin Malamar Auta

Ummanmu tela ce, da keken ɗinki ta raine mu bayan rasuwar Baba. Ba ta yi boko ba, amma a gidanmu ita ke faɗin abin da ya dace, kuma in ta faɗa an gama.

Sai Auta ta shiga jami'a, ta zaɓi falsafar tsofaffin Girkawa. Ni babbar yaya na ce aikin banza ne, Umma ta ce in bar mata yarinya. Ba a daɗe ba ta yi da-na-sani. Ran nan ta ce ƙarya ba kyau, Auta ta ce, "Umma, sani kika yi ko zato? Malama ta ce akwai bambanci." Daga nan komai sai Malama ta ce. Da saurayi ya fito wa Auta, Malama ta riga Umma ji.

Kishi ya ci Umma, har ɗinki take ɓatawa. Yarinyar da ta goya ce ake ƙwace mata da rana tsaka. Takan ce, "Wannan mata ba ta da 'ya'yan kanta ne?"

Wata safiya ta yafa gyalenta mai tsada, ta ce in raka ta jami'a wurin Malama. Aibu ta je nema, na sani. Muka tarar da wata 'yar tsohuwa a ƙaramin ofis, littattafai har kan taga. Ta miƙe, ta kwashe takardu daga kujera, ta zaunar da Umma.

"Girkawan da nake karantar da littattafansu sun yi ta gardama, ko ana koyar da halin kirki, ko da shi ake haihuwar mutum," in ji ta. "Ke kin yi renon. Me kika gani?"

Umma da ta zo faɗa sai ga ta tana zuba, tun daga ranar da Auta ta saci alawa. Malama na saurare, tana ƙara tambaya. Ban taɓa jin Umma ta yi magana haka ba, don mu dai ba mu taɓa tambayarta ba.

Da muka isa gida Umma ta zauna gaban keke, ba ta taka ba.

Na ce, "Umma, kin samo aibun?"

Ta share ido da bakin gyale. "Babu. Ni ma da ni ce Auta, wurinta zan je."