Ina Ɗinkin?

Har in bar duniya ba zan manta da ranar da aka gyara zuciyar Balkisa ba. Jikata ce ke rubuta muku, ni ban yi lakwal ba, wato makarantar boko. Aikina a sashen masu ciwon zuciya, nan Yamai, shara ne da canja zannuwan gado. Lokacin ban daɗe da fita takabar mijina Malam ba. Allah ya jiƙansa, har yau in na ambace shi sai hawaye.

Balkisa budurwa ce, ɗiyar wani tela na unguwar Wadata, Malam Isufu. Majo, wato shugabar masu jinya, ta bayyana mini cewa tun tana cikin uwarta wata jijiyar huhunta ta ɓata hanya, tana zuba jini inda bai kamata ba. Likitoci baƙi suka zura siririn tiyo ta matsematsinta har zuciya, suka mayar da jinin hanyarsa, ba su tsaga ƙirji ba.

Da aka fito da ita, majo ta ce, "Inna Hadiza, kada ƙafar nan ta lanƙwashe har la'asar. In ta lanƙwashe, jini zai ɓalle."

Majo na fita uban ya shigo. Ya ga ƙirji lafiya lau, sai fuskarsa ta canja. Ya sa hannu zai ɗauke ta.

"Malam, ina za ka da ita?"

"Gida, Inna. Ina ɗinkin? Ba su taɓa ta ba. Sun gaza ne, suna jin nauyin faɗi."

Na gane shi sarai. Haka aka fito mini da mijina Malam, ba yanka ba ɗinki, aka ce mu koma gida. Na danne gwiwar yarinyar da hannu biyu, ina kuka.

Na ce, "Kai da kake zura zariya a wando, farke shi kake yi?"

Ya tsaya. "A'a. Ta kafa nake bi."

"To, su ma ta kafa suka bi. Ga ta nan ƙarƙashin bandeji. Zauna ka riƙe mini ɗayar ƙafar."

Ya zauna, muka riƙe tare har aka kira la'asar.

Ku da kuke wannan aiki yanzu, ku riƙa duban fuskar mai jiran mara lafiya, shi ma a hannunku yake. Balkisa ta yi aure, tana hawa bene ba haki. Zanen da ke jikina ma ubanta ne ya ɗinke mini bakinsa.