Waken Alhazai

Tun da likita ya hana ni gishiri, ya hana ni mai, ya kusa hana ni numfashi, sai na sayi kaye, littafin rubutu irin na ƴan makaranta, da bik na ce abin da baki ya rasa, hannu ya rubuta. Duk abincin da ya taɓa ratsa maƙogwarona na sa shi ciki, da yadda ake yin sa: hurar kakata mai kaurin da ludayi ke tsayawa cikinta kamar soja, cukun Buzaye da ya ci mini haƙori, dambun zogalen da na taɓa bin ƙamshinsa har gidan makoki. Uwargida ta ce in na mutu magada za su buɗe kayen su tarar da miya.

Shafi ɗaya ne ya ƙi cika. A samansa na rubuta "waken alhazai", ƙasa kuwa fari fat. Marigayiya innata ce ta dafa mana shi, mu yara huɗu, wata shekara ina ƙarami, muna ƙauye wajen Korahane, kafin mu dawo Dakoro. Ƙwayoyi ne kamar wake, masu laushi, da ɗan yaji da garin ƙuli. Ta ce alhazai ne suka zo da irinsa daga Makka, ba kowane gida ke samu ba, kada mu faɗa wa yaran maƙwabta su ji haushi. Na girma ina ba da labarinsa, kowace shekara yana ƙara daɗi a bakina.

To, ɗiyata ta fari ta kusa haihuwa, sai bakina ya ja mini. Na ce wa baban mijinta, wani dattijo mutumin Ɗan Gulbi mai son gardama, ranar suna zai ci abin da kakanninsa ba su taɓa gani ba. Ya ce: "Alhajin baka, muna jira." Ya bi gari yana shela.

Ranar kasuwa na zagaye ƴan hatsi kaf. Wani ya nuna mini farin wake, wani ja, wani ya tambaye ni ko na yi kalaci da safe. Alhazan gaske ma na tambaya, suka ce su dabino suka gani. Saura mutum ɗaya a duniya: gwaggona, ƙanwar babana, wadda suka zauna gida ɗaya da inna. Na hau kabu-kabu sai ƙauye.

Bayan gaisuwa na buɗe kaye na ce: "Gwaggo, waken alhazan nan na inna, ina ake samun irinsa?"

Ta dube ni tun daga hula har takalmi. "Kai, ɗan nan, da furfurarka? Har yanzu ba wanda ya gaya maka?"

Ta shiga ɗaki ta jawo wata tsohuwar tukunya, ta kwance tsumman bakinta, ta zubo mini busassun ƙwayoyi a tafin hannu. Ta nuna wani ɗan kurmi a bayan darni. "Ga Makkarka can. Anza ce. Dilo kuka ci."

Wallahi bik ɗin faɗuwa ya yi. Dilo! Ƴaƴan anza, abin da ba a taɓawa sai rumbu ya koma ɗakin ɓeraye, mai ɗacin da akuya ke tofarwa. Ni da na sha bugun ƙirji a majalisa ina cewa gidanmu ko a shekarar da damina ta ƙi ba mu san dilo ba!

"Gwaggo, ba ɗaci fa. Na rantse ba ɗaci."

"Ina za ka ji ɗaci? Kwana da kwanaki tana jiƙa shi, tana zubar da ruwa tana sakewa, ruwan da sai ta yi rabin yini a bakin rijiya kafin ta samu. Ita ke fara taunawa. In ya sa ta amai, ta san bai yi ba, ta sake jiƙawa."

Ta ce a lokacin, mace ta fita da ƙwarya tsinkar anza a idon jama'a, tamkar ta yi shelar cewa mijinta ya kasa ne. Babana kuwa ya tafi kudu neman abin da zai aiko. Sai inna ta riƙa fita kamar za ta itace, ta ɓoye anzar a ƙarƙashin ƙirare.

"To ita me take ci? Kullum cewa take ta ci nata a madafi."

Gwaggo ta ɗaure bakin tukunyarta ta mayar da ita ɗaki. Ni kuwa na sunkuya na ɗauki bik ɗina, na rufe kayen.

Da zan tafi na ce sai in sayi farin wake in yi wa suruki dabara. Ta ce: "Ka yi wa uwarka ƙarya a sunan tattaɓa-kunnenta? Ni zan zo in dafa. Tun shekarar nan ban yarda ɗakina ya rabu da shi ba."

Ranar suna, bayan an ci tuwo da naman rago, na ajiye akushi gaban baban mijin ɗiyata, mutane sun kewaye mu suna jiran abin Makka. Na ce: "Ga shi. Dilo ne. Innata ta ce mana waken alhazai, ni kuma na yarda har na yi furfura. Ku yi dariyarku."

Ba wanda ya yi. Dattijon ya ɗebi kaɗan ya tauna, ya daɗe yana taunawa.

"Mu tamu innar cewa ta yi gyaɗar Agadas ce," in ji shi. Ya jawo akushin gabansa. "Kai likita ya hana ka gishiri. Matsa can."

Shafin ya cika yanzu. Gwaggo ta faɗa na rubuta, tun daga tsinka har jiƙo. Wajen da ake sa yawan mutanen da abinci zai isa, na sa: yara huɗu, ban da mai dafawa.